Yadda zaka kama masu layar zana a StarCraft II kafin su cinye maka leburori

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayanin na rubuta shi ne saboda wani ƙanenmu da ke ɗaukar kaya a Mile 12, ya zo wurina nan Agege daren Asabar da laftof ɗinsa da ya siyo Computer Village, ransa a ɓace, wai yana ta hasara a gem kuma bai san me ke kashe shi ba, leburorinsa masu haƙo masa minaral da gas, wato kuɗin gem ɗin, na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya alhali sojojinsa na tsaye a gefe ko motsi basa yi. Muka buɗe rikodin wasan muka kalla tare, ashe Dark Templar, wasu sojoji masu sara da ba'a ganinsu, guda biyu ne kacal suka shigo masa gida. Guda biyu fa. Yana da sojoji sun kai ashirin amma babu ko abu ɗaya cikin gidan da ke iya ganinsu.

Ga wanda bai sani ba, StarCraft II gem ne na yaƙin sararin samaniya da Blizzard suka fitar a 2010, kuma tun Nuwamban 2017 wasan da ake karawa da mutane ta intanet kyauta ne, data kawai zaka ƙona. Ƙabilu uku ne a ciki, Terran da Protoss da Zerg, kowacce da nata salon ɓuya da nata salon bankaɗo mai ɓuya. Mu dai a tsakaninmu layar zana muke kiran abin, don da gaske haka yake, mutum na tsaye gabanka yana saranka baka ganinsa.

Kafin komai sai ka raba abu biyu da sababbin shiga ke haɗewa. Gani daban, ganowa daban. Duk sojanka da duk gininka suna haska maka wurin da suke, suna yaye hazon da ya rufe taswira, wannan shine gani. Amma mai layar zana ko wanda ya binne kansa a ƙasa, ko a tsakiyar sojojinka yake baza su harbe shi ba sai in akwai mai ido na musamman a kusa. Hasumiyar Xel'Naga da ke tsakiyar wasu taswirori gani take bayarwa kawai. Sensor Tower na Terran ma haka, tana nuna maka ɗigon ja in abokin gaba na motsi a zagayenta, amma bata cire wa kowa laya, kuma shi ma abokin gaba yana ganin da'irarta a ƙaramar taswirarsa. Na sha ganin wanda ya gina ta ya kwanta da ransa wai ya tsare gida.

To mataki na farko, ka haddace masu idon ƙabilarka da abin da sai ka gina kafin ka samesu, domin anan ne matsalar take, ba kuɗin bane, lokacin ne. In Terran kake, kana da Missile Turret, minaral 100, amma sai da Engineering Bay. Kana da Raven daga Starport mai Tech Lab. Sannan babban abin, sikan na Orbital Command, wanda ke cin caji 50 ya haska maka duk inda ka danna a taswira na kamar sakan 9. In Protoss kake, Photon Cannon ne minaral 150 kuma sai da Forge da wutar Pylon, sai Observer daga Robotics Facility, minaral 25 gas 75, shi kansa yana da laya ta dindindin, sai Oracle da ke jefa Revelation ya tona waɗanda ya samu. In Zerg kake, Spore Crawler minaral 75, Spawning Pool kawai yake buƙata, shi yasa 'yan Zerg suka fi kowa sauƙin tsira daga wannan masifar, sai Overseer da kake juya Overlord ya koma da minaral 50 gas 50, amma sai ka inganta babban gininka ya zama Lair. Tsofaffin hannu da suka buga Brood War na 1998, wato na StarCraft na farko, su kula, can kowane Overlord yana ganowa, a wannan na biyun babu wannan garaɓasar.

Duk waɗannan idanun, banda sikan da Revelation, nisan ganowarsu 11 ne. Ka riƙe wannan lambar zamu dawo kanta.

Mataki na biyu shine wanda nafi so ka tsaya akai, don wallahi wanda aka ci da layar zana ba lokacin da ta shigo aka cishi ba, tun minti biyu baya aka cishi sanda bai leƙa gidan abokin gaba ba. Ka duba lissafin. Kafin ɗan Protoss ya fitar da Dark Templar sai ya gina Twilight Council, sannan Dark Shrine mai cin 150 da 150, sannan kowane ɗaya 125 da 125. Gas ɗin nan mai yawa ne a farkon wasa, ba zai yiwu ya kashe shi anan kuma ya samu rundunar kirki ba. Saboda haka alamun a fili suke ga wanda ya leƙa. Kaga rijiyoyin gas biyu tun da wuri amma sojoji 'yan kaɗan, kaga Twilight Council a tsaye ba'a binciken komai a ciki, ko kuma ka ƙirga Pylon kaga adadin bai kai abin da ya kamata ba, to akwai wanda aka ɓoye a wani lungu kuma ana gina wani abu a gindinsa. Ɗan Terran kuwa in kaga Starport da Tech Lab a manne tun da wuri, ka ɗauka Banshee, jirgin Terran mai iya ɗaura laya, ce tafe har sai ka tabbatar ba ita bace, kuma in Tech Lab ɗin na aiki yana walƙiya to layar ake haɗawa, ita ma 100 da 100 ce.

Yadda zaka leƙa ya danganta da hannunka. Terran ka tura Reaper ya tsallaka katanga ya zagaya cikin gida, ko ka kashe sikan ɗaya a tsakiyar babban gidansa wajen minti 3 da rabi. Zerg ka sadaukar da Overlord ɗaya ka kutsa dashi, minaral 100 ne, kar ka ji zafinsa, wanda zaka rasa in baka leƙa ba yafi haka nesa ba kusa ba. Protoss ka tura inuwar Adept, ko Sentry ya ƙirƙiro Phoenix na bogi ya tashi ya zagayo. Daga wajen minti 4 zuwa sama ne waɗannan abubuwan ke iya fara ƙwanƙwasa maka ƙofa, to leƙen ya zamana kafin nan.

In ka leƙa bakaga komai ba fa? Wannan ma amsa ce. Mutumin da ya toshe ko'ina, ya kashe ɗan leƙenka da gaggawa, bai gina gida na biyu ba, akwai abinda yake dafawa. Ka gina ido kawai.

Mataki na uku, inda zaka dasa idon. Kuskuren da kowa keyi shine dasa Turret ko Cannon a bakin ƙofa kamar maigadi, alhali mai laya ba ƙofa yazo gani ba, leburori yazo yanka. Saran Dark Templar 45 ne, leburan Protoss da na Zerg ransu 40, na Terran 45, kaga kowanne sara ɗaya ne ya faɗi. Banshee kuma harbi biyu. To ido na farko a tsakiyar layin minaral zaka sashi, tsakanin babban gini da duwatsun, a kowane gida da kake haƙa. Na biyu a wurin gine-ginen da ke fitar maka da sojoji. Ƙofa ita ce ta ƙarshe, sai dai in gidanka hanya ɗaya ce ke shiga, nan kam ido ɗaya a saman gangaren da sojoji a bayansa yana tare na ƙasa, amma ka tuna Warp Prism, jirgin Protoss mai ɗaukar sojoji, na iya sauke su ta sama a bayan gida.

Ga ƙananan abubuwa da ke kashe mutane. Cannon in aka fasa Pylon ɗin da ke bashi wuta ya makance, don haka kar ka jingina shi da Pylon ɗaya tilo. Spore Crawler in ka tumɓuke shi kana matsar dashi baya ganowa sai ya sake kafa saiwa. Turret da Spore kuma sama kaɗai suke harbi, zasu nuna maka Dark Templar amma baza su taɓa shi ba, dole a samu Marine ko Queen ko wani mai duka a kusa, in ba haka ba kana kallo zai sare idon ya cigaba da aikinsa.

Anan zan faɗi ra'ayina kuma nasan wasu zasu musa. Masu koyarwa a YouTube da yawa zasu ce maka ginin tsaro asarar kuɗi ne, ƙwararre da sikan da saurin hannu yake karewa. Gaskiyarsu, a Koriya ko Turai. Mu nan Legas da sabar Turai muke shiga, akwai ɗan jinkiri tsakanin dannawarka da motsin soja, wani lokacin netwok ya tsaya cak na sakan biyu ya dawo, wani lokacin a ɗauke wuta kana tsakiyar wasa fanka ta tsaya laftof ya koma kan batir ya fara ja da ƙyar. Ni ya taɓa faruwa dani, an ɗauke wuta na miƙe in kunna janareta, kafin in dawo kujera Banshee ta gama da layi guda, abin ya tsaya min a rai kwana biyu. Tun ranar nake dasa ido ɗaya a kowane layin minaral ko naga alama ko ban gani ba. Turret baya jiran netwok, minaral 100 ne ka biya ka huta.

Mataki na huɗu na 'yan Terran ne, lissafin caji. MULE, wato leburan wucin gadi da Orbital ke jefowa ya haƙa maka minaral, da sikan daga asusu ɗaya suke ci, kowanne 50. Hannu ya saba da zaran caji ya kai 50 a jefa MULE, to daga minti 4 in baka tabbatar da abin da abokin gaba keyi ba ka bar 50 a ajiye a Orbital ɗaya. Kuma kar ka jefa sikan da firgici. Mai wayo jira yake kayi sikan ya ja baya, sakan 9 su wuce ya dawo, yanzu kuma baka da komai. Ka fara kawo sojojinka su kewaye inda ake saran, ka tare masa hanyar fita, sannan ka danna. Sikan ɗaya, gawa ɗaya, haka ya kamata lissafin ya kasance. In ya raba su gida uku to sikan bazai isheka ba, ka jefa Turret a take kasa leburori da yawa su taru suna gyara shi in ya kammalu.

Mataki na biyar, abinda zakayi in sun riga sun shigo kuma baka da ido ko ɗaya. Kar ka danna fita, wasan bai ƙare ba tukuna. Da farko ka kwashe leburori gaba ɗaya ka tura su ɗayan gidan, wanda ke gudu yafi wuyar sara akan wanda ke tsaye yana haƙa. Na biyu ka fara ginin ido a wurare biyu ko uku lokaci guda, bazai iya sare duka ba. Na uku ka toshe gangare, mai laya ba iska bane jiki gareshi, in ka ɗaga Supply Depot, ko ka jera sojoji a ƙofa ka danna musu tsayuwa da H, ko Sentry ya jefa Force Field, bazai wuce ba.

Sannan ka koyi ganin kawalwalniya. Mai laya in yana tafiya sikirin na ɗan murɗewa a inda yake, irin yadda kake ganin kwalta na rawa da tsakar rana a titin Oshodi. Baza ka iya danna masa hari kai tsaye ba, amma duk makamin da ke faɗawa kan fili yana samunsa ko ba'a ganinsa. Psionic Storm yana ƙona shi, Baneling in ka fasa shi da hannu a kusa yana cinsa, aman Ravager yana samunsa. EMP na Ghost da Fungal Growth na Infestor su har tona shi sukeyi na ɗan lokaci kowa ya gani ya harba. Shawara ta kuma, in laftof ɗinka tokunbo ne irin namu ka goge sikirin ka ɗaga haske, da yawa daga cikinmu rage haske muke don batir sai kawalwalniyar ta ɓace mana.

Mataki na shida, fita yaƙi. Gida ka tsare, to rundunar fa? Daga tsakiyar wasa duk rundunar da ta fita ba ido a cikinta sadaka ce. Lurker na Zerg a ƙasa yake binne yana huda layi guda na sojoji, nisansa 8, in an inganta ya kai 10. Yanzu dawo kan lambar nan 11. Ma'anarta idonka na iya hango shi daga wajen da bazai kai gareka ba, amma tazarar kaɗan ce, saboda haka ido ya kasance a gaban runduna kaɗan, runduna na binsa a hankali, ka gano, ka tsaya, masu dogon zango irin Siege Tank mai nisan 13 su fara aiki. Widow Mine ma haka, da Baneling da aka binne a mashiga. Kar ka haɗa Observer ko Overseer ko Raven cikin rukuni ɗaya da sojoji ka tura gaba ɗaya, zai wuce gaba shi kaɗai a harbo shi, nan take duk kun makance. Ka danna masa ya bi wani soja mai kauri da ke tsakiya, kuma ka fita da biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Abokin gaba mai hankali idon yake fara nema kafin komai.

Observer da Overseer suna da yanayin da zaka kafa su wuri ɗaya su daina motsi ganinsu ya ƙaru, yana da kyau a mashigar da ake yawan bi da bayan gida inda ake sauke kaya. Wani amfanin ido da ake mantawa, Creep Tumor na Zerg ɓoyayye ne, in baka zo da ido ka share su ba shimfiɗar Zerg da suke yaɗawa a ƙasa zata ci rabin taswira, kuma duk inda ta kai yana ganin motsinka. Haka sojojin bogi na Sentry, ido yana nuna maka na ƙarya ne kar ka ɓata harsashi.

In kaji sanarwar an harba nukiliya, Ghost ne a laɓe wani wuri. Kana da kamar sakan 14. Ka duba runduna da layukan minaral ka nemo jan ɗigo, in ka ganshi ka matsar da komai tukuna, in da sikan ka jefa kusa da wurin, kashe Ghost ɗin kafin lokaci ya cika bam ɗin ya tashi a banza.

Mataki na bakwai, kai ma ka ɗaura layar, don babu abinda ke koya maka kama ɓarawo kamar sanin ta inda yake shiga. In Dark Templar zakayi ka ɓoye Dark Shrine inda ɗan leƙe baya bi, kar ka tura su wuri ɗaya, ɗaya babban gida, ɗaya gida na biyu, ɗaya na uku, kasa shi ya rasa inda zai kashe sikan. In kaga ana gina Turret ko Spore ka fara dashi kafin ya kammalu. In ka tarar ya shirya, kar ka zubar dasu, ka janye ka haɗa biyu su zama Archon, kuɗinka bai tafi ba. Banshee kuma layarta caji take sha, 25 wajen kunnawa sannan tana tsotsa kowane sakan, to kar ka kunna tun daga gida, sai ka iso ko kaga masu harbin sama sun nufo ka. Nisan harbinta 6 ne na Marine 5, kana iya harbi kana ja baya. Da zaran kaga sikan ya faɗo ka fice daga da'irar, ka ƙirga, ka dawo. Ko baka kashe lebura ko ɗaya ba, duk sikan da ka tilasta masa MULE ne ya rasa, duk Turret da ya gina Marine biyu ne bai fitar ba. Amma kar ka tsaya kallon Banshee ka manta gida, wannan shine ke kayar da yawancin masu wannan salon, hannu na can yana wasa minaral na taruwa ba'a kashewa.

Na ƙarshe, yadda zakayi atisaye ba tare da ka ƙona data da maki ba. Ka samu ɗan uwa ɗaya ku buɗe wasan ku biyu, mu daren Asabar mukeyi bayan an tashi kasuwa, ɗaya yayi alƙawarin zai zo da laya amma bazai faɗi wacce ko yaushe ba, ɗayan aikinsa ya leƙa ya gane ya kare. Wasa biyar sai ku canza. Bayan kowane wasa ku buɗe rikodin, ka sauya kallo zuwa idonka kai kaɗai, ka tsayar a daidai lokacin da ɗan leƙenka ya shiga, ka tambayi kanka me na gani anan da ban karanta ba. Sannan ka rubuta lokuta biyu a takarda, mintin da mai laya ya taka gidanka da mintin da idonka na farko ya kammalu. Ƙanen nan namu da muka fara, na farkon 4:40 ne na biyun 6:10, a wasa na huɗu ya dawo dashi 4:15, Dark Templar na farko da ya hau gangare Marine shida ya tarar a gindin Turret suna jiransa.